Taragon Iddo, Danfo da Wuyan Gada: Yadda Legas Take Ɗaukar Mutanenta

Wanda ya sauka a Mile 12 da asuba a bayan tirelar tumatir ko albasa, abin da zai fara cika masa ido shi ne ruwan ɗorawa. Motocin danfo ne jere kamar fara, kwandasta na rataye a bakin ƙofa yana ƙwala kiran Oshodi ko Obalende, 'yan kamasho na bubbuga jikin mota suna neman kuɗin tasha. In ka ce wa wannan baƙon garin nan ya taɓa yin jirgin ƙasa mai bin titi yana ɗaukar fasinja tun 1902, shekara guda kafin sojojin Turawa su shiga Kano da Sakkwato, da wuya ya yarda. Hatta mutanen Ikko da yawa ba su san da zancen ba. Amma an yi shi, kuma yadda aka yi shi da yadda aka bar shi ya mutu sun yi kama da kusan duk abin da ya biyo baya a sufurin garin.

Sai an fara duba shimfiɗar ƙasar kafin a gane komai. Asalin Legas tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi. A can ne fadar Oba, sarkin garin, take, can ne kasuwanni, ofisoshin gwamnati, kantunan Turawa da bakin ruwan Marina inda jirage ke sauke kaya. Da Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo a 1896 don ya kutsa cikin ƙasa ya kwaso kaya, ba su ƙetara da shi tsibirin ba. Babbar tashar ta tsaya a Iddo. Layin ya isa Ibadan a 1901, kuma a wannan shekarar aka gama gadar Carter, wadda aka sa wa sunan tsohon gwamna Gilbert Carter, ta haɗa Iddo da tsibirin. Ke nan fasinjan da ya sauka daga babban jirgi yana da sauran tafiya a gabansa, shi da kayansa. Wannan giɓin ne aka cike da ƙaramin jirgi irin wanda Turawa ke kira taram: dogonsa a shimfiɗe yake cikin titi, yana tafiya tsakanin jama'a, yana tsayawa kusa-kusa. An buɗe shi a watan Mayu na 1902, zamanin gwamna William MacGregor. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali na babban jirgi ƙafa 3 da inci 6. Injinan da ke jansa masu tururi ne, ana hura musu wuta, an ƙero su a garin Lids na Ingila.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, ba don mutanen unguwanni aka yi shi ba. Jela ce aka ɗaura wa babban layin dogo don ta kai matafiyi daga tasha zuwa ofis da kanti. Garin a lokacin bai fi mutum dubu 40 da 'yan kai ba, yawancinsu kuma da ƙafa ko kwalekwale suke zirga-zirga. Na biyu, tun ranar da aka buɗe shi ya riga ya zama tsohon yayi. Alƙahira ta fara taram mai lantarki tun 1896, Iskandariya kuwa ta mayar da nata mai lantarki a daidai wannan shekara ta 1902. Legas tana da wutar lantarki kafin 1900, amma aka zaɓa mata mai gawayi da hayaƙi, mai araha.

Shekara goma sha biyu bai cika ba. A farkon 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, aka daina ɗaukar fasinja. Injina da taragu sun tsufa, ba a sabunta su ba, gwamnati kuma ba ta ga dalilin zuba kuɗi ba. Abin dariya, ko abin takaici, shi ne reshen da ya rayu. Tun 1906 aka ƙara wani layi na tsabtar gari, aikinsa kwashe bokitan bahaya cikin dare ya kai su bakin ruwa a zubar. Wannan ya ci gaba da aiki har 1933. Wato hukuma ta iya riƙe jirgin kashi kusan shekara ashirin bayan ta saki na mutane. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san abin da ke gaban Turawan mulki a lokacin: tsoron annoba ya fi damunsu da yadda lebura zai isa wurin aiki.

Za a iya cewa ai ba Legas kaɗai ta tsige taram ba. Gaskiya ne. Faris ta kawar da nata kafin yaƙin duniya na biyu, Landan ta yi ban kwana da na ƙarshe a 1952, biranen Amurka da dama suka tone dogo suka malala kwalta don motoci su sake. Sai dai su a lokacin suna da jirgin ƙarƙashin ƙasa ko manyan bas na hukuma da suka karɓi nauyin. Legas ta tsige nata ne babu magaji, a daidai lokacin da layin dogo ya riga ya isa Kano, gyaɗa da fatu da auduga suka fara gangarowa, mutane kuma suka biyo kayan.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. 'Yan kasuwa ne suka shiga gurbin. Cikin na farko-farko akwai wata mace, Charlotte Obasa, 'yar attajirin nan R. B. Blaize, wadda ta kafa kamfanin motocin haya mai suna Anfani. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, kalmar amfani ce dai da Yarabawa ma suke amfani da ita. An fi tuna ta da sauƙin kuɗin mota, don ta ɗauki abin a matsayin taimakon talaka fiye da neman riba. Daga baya wani Bagirke, J. N. Zarpas, ya kafa kamfanin bas a ƙarshen shekarun 1920 ya mamaye harkar kusan shekara talatin, har majalisar birni ta saye kamfanin a 1958 ta mai da shi na hukuma. Sunan ya yi ta canzawa daga na birni zuwa na jiha, amma ciwon bai canza ba. A sayo sababbin bas a yi biki, a ƙayyade kuɗin mota ƙasa da abin da zai riƙe su don kada jama'a su yi ƙorafi, kuɗin gyara ya gagara, a fara cire kayan wannan a sa wa waccan, bayan 'yan shekaru gareji ya zama maƙabartar motoci. Duk wanda ya ga yadda motocin sufurin jihohinmu na Arewa suke ƙarewa ya san labarin ba sai an ba shi ba.

A gefe guda kuma garin yana ta kumbura. Ƙidayar 1963 ta samu mutum fiye da dubu 600 a birnin. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur suka shigo, mutane suka kwararo daga kowace kusurwa, unguwanni irin su Mushin, Ajegunle, Agege da Oshodi suka cika suka batse. Amma wurin aiki bai matsa ba. Ma'aikatun tarayya, bankuna, manyan kasuwannin Balogun da Idumota duk suna tsibiri, tashar jiragen ruwa tana Apapa. Kullum da safe gari guda zai nufi wuri guda ta 'yan ƙofofi ƙalilan, da yamma ya juyo. Wannan shi ne ainihin matsalar Legas, kuma matsala ce irin ta mazurari: komai faɗin bakinsa, wuyan ne ke yanke hukunci.

Maganin da gwamnatocin soja suka kawo shi ne ƙarin wuya. Aka gama gadar Eko a 1975, aka yi gadojin sama, aka buɗe gada ta uku a 1990 mai tsawon kusan kilomita 12. Ayyuka ne manya, ba a raina su. Amma gada mota take gayyata, kuma kowace sabuwar hanya cika take yi cikin 'yan shekaru. A shekarun 1970 har doka aka yi ta raba ranaku: motoci masu lambar mara su shiga wasu tituna yau, masu lambar cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, gosulo ya koma inda yake. Ko da aka mayar da babban birni Abuja a Disamban 1991, ma'aikatu ne suka tashi, kasuwa ba ta bi su ba.

Talaka kuwa yana cikin motocin da ya samu. Da farko bolekaja ce, babbar mota mai bodin katako da benci, sunanta da Yarabanci na nufin sauko mu yi faɗa, saboda matsin ciki ba ya barin a yi rigima sai an sauka. Sai molue ta gaje ta, bodin da maƙeran gida suka ɗora a kan ƙashin babbar motar Marsandi, a cika ta maƙil, na tsaye sun ninka na zaune, mai wa'azi da mai tallan magani kowa na cin kasuwarsa a ciki. Sai danfo, wadda ta samo asali daga ƙaramar bas ta Volkswagen, ita ce ta zama tambarin garin da fentinta ruwan ɗorawa mai baƙin zane biyu.

Ana yawan zagin danfo, kuma direbobinta sun ba da dalili. Amma ya kamata a fahimci lissafin da ke tuƙa su, don ba hauka ba ne. Yawanci direba ba shi ne mai mota ba. Akwai balas da zai kai wa mai ita kowace rana, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuɗin mai. Akwai tikitin ƙungiya a tasha, da abin da 'yan kamasho, waɗanda a can ake kira agbero, za su karɓa a kusan kowace matsaya. Akwai na masu kaki a hanya. Sai abin da ya ragu shi ne nasa da na kwandasta. Mutumin da aka ɗora wa wannan lissafi dole ya yi gudu, ya yi lodi a tsakiyar titi, ya ƙi tashi sai mota ta cika, ya ninka kuɗi in hadari ya haɗo, ya kuma sauke fasinja a rabin hanya in ya ga juyawa ta fi riba. Gyaran birki kuwa sai ranar da ya ƙi kamawa. Tsarin ba ya cin ko kwabon gwamnati, shi ya sa gwamnatoci suka daɗe suna kawar da kai. Fasinja ne ke biya, da aljihunsa da sa'o'in da yake ƙonawa a hanya.

Kuɗin da ake tarawa a tashoshi kullum ya mai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, wata ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Tana da kuɗi a hannu, tana da matasa majiya ƙarfi a kowace unguwa, abubuwa biyun da ɗan siyasa ke nema ranar zaɓe. Shi ya sa duk gwamnan da ya ce zai kawar da danfo yake samun kansa yana taka-tsantsan. Ko a 2022 da gwamnatin jihar ta dakatar da ƙungiyar daga tashoshi saboda rikicin shugabanci, kwamiti ta kafa ta damƙa wa mutanen cikin harkar. Tikiti bai daina yankuwa ba.

An taɓa zuwa dab da fita daga wannan tarko. Lateef Jakande, gwamnan farar hula daga 1979 zuwa 1983, ya ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanonin Faransa don gina jirgin cikin gari na zamani, aka ƙaddamar da aikin a 1983. Ƙarshen wannan shekarar soja suka yi juyin mulki. A 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin, a lokacin da farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu. Masu kare matakin suna cewa babu kuɗin yi. Masu suka suna nuna cewa sokewar ma ba kyauta ta zo ba, don sai da aka biya diyyar miliyoyin daloli kan aikin da ba a samu ko taku ɗaya na dogonsa ba. Ni a ganina babbar asarar ba kuɗin ba ce, filin ne. A 1983 ana iya keɓe hanyar jirgi ta ratsa wuraren da ba su gama cika ba. Bayan shekara talatin, kowane taku na wannan hanya sai an rushe gida ko kasuwa an biya diyya, ko a ɗaga dogon sama a kan ginshiƙai masu tsadar gaske. Alƙahira, wadda ita ma Faransawa suka yi wa aiki a wannan zamani, ta buɗe layinta na farko a 1987.

Abin da ya rage wa Legas na dogo a waɗannan shekaru shi ne tsohon jirgin tarayya da ke jigila daga Iddo zuwa bakin iyakar Ogun, wanda hotunansa suka yi suna saboda mutanen da ke zaune a kan rufinsa. Da tattalin arziki ya ƙara taɓarɓarewa bayan tsuke bakin aljihun 1986, bas ta gagari saye, sai acaɓa ta shigo. A can okada ake ce mata, sunan da aka aro daga wani kamfanin jiragen sama na lokacin, don tana ratsa cunkoso kamar mai tashi sama. Keke mai ƙafa uku kuma har yau Keke Marwa ake kiransa, da sunan Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. A nan ne labarin ya shafi Arewa kai tsaye, don dubban matasanmu, har da na Nijar, a kan babur suke neman abinci a Legas. Da aka hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, aka sake tsaurarawa a Yunin 2022, su ne suka fi ji a jikinsu. Hujjar gwamnati ta haɗurra da fashi ba ƙarya ba ce. Amma fasinjan da ke hawa babur bai ɓace ba don an kama babur ɗin, kamar yadda Kano ta gani bayan hana acaɓa a 2013, inda A Daidaita Sahu ta cika titi ta gaji matsalar da wani salo.

Canji na gaske ya fara ne da abu maras armashi: kafa hukuma. A 2002, zamanin gwamna Bola Tinubu, aka yi dokar kafa hukumar tsara sufurin birnin, LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. Amfaninta shi ne ta zauna da taswira guda ta layuka, gwamna ya zo ya tafi taswirar na nan. Aikinta na farko da ya fito fili shi ne bas mai hanyarta ita kaɗai, BRT, da aka buɗe a Maris 2008 zamanin Babatunde Fashola, daga Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibiri, kilomita 22. In ka duba da kyau, wannan taram ne da aka cire wa dogo. Sirrin taram dama ba ƙarfen ba ne kawai, hanya ce da aka ce ta jama'a ce, mai ƙaramar mota ba zai shiga ba. An yi dabara kuma wajen sa ƙungiyar direbobi cikin masu gudanar da bas ɗin tun farko, don wanda aka ba kaso ba ya ƙona rumbu. Daga baya aka miƙa layin zuwa Ikorodu, aka buɗe wani daga Oshodi zuwa Abule Egba a 2020, aka kawo katin Cowry na biyan kuɗi. Molue kuwa an hana ta ƙetara gada zuwa tsibiri tun 2013, ta yi ta ja da baya har ta kusa ƙarewa. BRT ɗin ma bai tsira daga tsohon ciwo ba: layin jira mai tsawo, bas da ke kwance a gareji, da manya masu jiniya da ke kutsawa hanyar da aka ce ba tasu ba ce.

Jirgin kansa sai da aka sha jira. Shuɗin layi, wanda wani kamfanin gwamnatin Sin, CCECC, ya gina, an fara shi tun zamanin Fashola da alkawarin gamawa cikin 'yan shekaru, ya ci fiye da goma. Kashin farko kilomita 13 ne daga Marina zuwa Mile 2, tasha biyar, wani sashe a kan ginshiƙai bisa ruwa. Wanda ya zo ya yanke zaren buɗe shi a Janairun 2023 shi ne Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin da gwamnatinsa ta soke na Jakande shekara 38 baya. Ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur ya ninka kuɗin mota a ko'ina. Jan layi ya biyo baya a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Shi ba a sha wahalar nema masa fili sosai ba, don ya bi hanyar dogon tarayya ne, wato zanen da Turawa suka ja tun 1896.

Kilomita 40 na dogo a garin da ake ƙiyasta mutanensa sun haura miliyan 15 ba zai kori danfo ba, kuma bai kamata a yi tsammanin haka ba. Jirgi kan babbar hanya yake tsayawa, mutane kuwa a lunguna suke kwana. Wanda ya sauka a Mile 2 zai nufi Okokomaiko ko Festac, har yanzu danfo ko keke zai nema, ya biya kuɗi na biyu. In kuɗin biyun sun fi na danfo guda da zai kai shi kai tsaye, ko da zai yi awa biyu a gosulo, mai ƙaramin albashi danfon zai hau. Ga kuma ruwan da ya kewaye garin, wanda shi ne hanya mafi faɗi da Allah ya ba Legas kyauta, amma har yanzu kaso kaɗan na matafiya ke bin sa, saboda tsada da tsoron kifewar kwalekwale.

Tambayar da ta kashe taragon 1902 ita ce ke jiran waɗannan sababbin layuka: wa zai biya kuɗin gyara bayan an gama biki? Kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe jirgin cikin gari a mafi yawan biranen duniya, sai hukuma ta cika daga haraji kowace shekara. Kayan gyaran da dala ake sayensu, fasinja kuwa da naira yake biya. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 da murna, ba a yi shekara goma ba aka wayi gari taragu da yawa suna ajiye saboda rashin kayan gyara. A Legas ana ci gaba da aikin kashi na biyu na shuɗin layi daga Mile 2 zuwa Okokomaiko, ana kuma maganar koren layi da zai nufi Lekki, inda sabuwar tashar jiragen ruwa da matatar Ɗangote suka buɗe wani sabon wuyan mazurari a gabashin garin.